Malam Muntaka da Hujjarsa Mai Rai

A Ruwan Bago aka haifi Malam Muntaka Barau, a gidan manoman gyaɗa, kuma tun yana goye aka san Allah ya ba shi murya. Mahaifiyarsa Tani takan ce idan ya fashe da kuka a gona, har tsuntsayen gonar maƙwabta watsewa suke yi. Da ya girma muryar ba ta ragu ba, sai ma kauri da ta ƙara. Duk shekarun da ya yi yana hedimasta a Daura, wato Daurarmu ta ƙasar Karaye, makarantar ba ta taɓa mallakar ƙararrawa ba, ba kuma wanda ya lura. Da ya tsaya a gindin darbejiya ya ce, “Kowa aji!” har matan da ke daka a bayan gari sun san an koma daga tara.

Ban da murya, abu biyu aka san shi da su. Na farko gaisuwa. Malam Muntaka ba ya wuce mutum bai tambaye shi gida da iyali da gajiya da ruwan jiya ba, ko da kuwa sun gaisa da safe. Na biyu tsari. Yana son ganin komai a jere, gajere a gaba, dogo a baya. Haka yake jera ɗalibai, haka yake jera tsintsiyoyin makaranta. Matarsa Hajo ta ce har tukwanenta bai bari ba.

Wajen shekarar 1990 aka ɗauke shi daga Daura aka ba shi riƙon wata sabuwar makarantar 'ya'yan makiyaya a kusa da Gwangwan. Rumfa ce ta kara da allo ɗaya. Ranar buɗewa yara suka cika ta maƙil. Kafin wata ya zagayo sai ya zama Malam da allo ne kawai, sai wata akuya da ta mai da rumfar wurin hutawa. Ya yi kira har shanun ruga suka ɗaga kai, yara ba su zo ba. Karo na farko ke nan a rayuwarsa da murya ta kasa yi masa aiki.

Sai ya shiga zuwa wajen dattijon rugar, Ardo Hammawa, wanda kowa ke kira Bappa. Dogo ne siriri, mai magana a hankali kamar ana sayen kalmomin. Su zauna a gindin wata tsamiya, a kawo fura da nono, Malam ya yi ta tambaya. A hankali Bappa ya saki jiki da shi. Ya gaya masa cewa lokacin da aka sa wa makarantar shi ne daidai lokacin tatsa da sakin shanu, kuma sauran malaman da aka turo ba a ganinsu sai ranar kasuwar Rogo, a kasuwar.

Wannan magana ta zauna wa Malam Muntaka a rai. Yana da digirinsa na farko da ya harhaɗa a lokutan hutu, sai ya yanke shawarar komawa jami'a a Kano ya yi na biyu a fannin ilimi, ya rubuta kundinsa a kan abin da ke hana 'ya'yan makiyaya zama a aji. Lokacin ya doshi hamsin.

“Yanzu Malam da furfurarka za ka koma ɗaukar jaka?” in ji Hajo.

“Ilimi ba shi da furfura, Hajo.”

“To Allah ya sa kada ka kurmantar da 'ya'yan mutane.”

Darussa ba su ba shi wuya ba. Abin da ya ba shi wuya shi ne laburare. Ranar da ya fara shiga, ya tura ƙofar babban zauren karatu, ya ga mutane birjik kowa ya sunkuyar da kai, ba mai cewa uffan. Zuciyarsa ta ba shi ko rasuwa aka yi. Ya gyara tsayuwa ya ce, “Salamu alaikum jama'a! Sannunku da aiki! Ya muka ji da haƙuri?”

Wani ɗalibi da barci ya ɗauke a kan littafi ya zabura har ya ture kujera. Kawuna suka ɗago gaba ɗaya. Wasu suka amsa sallamar ciki-ciki, don sallama ba a barinta a ƙasa.

Daga wani tebur a gefe wata mata ta taso da sauri. Ita ce Malama Ruƙayyatu, ma'aikaciyar da aka ɗora wa kula da masu digiri na biyu da na uku. Ba ta wuce sa'ar babbar 'yarsa ba. Ta ɗan russuna ta ce a hankali, “Baba, sannu da zuwa. Nan ba a ɗaga murya.”

“Ai ban ɗaga ba, 'yata,” in ji shi, tagogi suna amsawa. “Gaisawa kawai muke yi. Ya gida? Ya yara?”

Ta ja shi waje, suka gaisa a baranda har ya gamsu. Sannan ta bayyana masa cewa duk ranar Laraba da la'asar tana yi wa masu binciken ilimi bita a wani ɗaki na sama, inda ake koya musu yadda ake neman littafi da yadda ake ambaton inda aka ɗauko magana, ana kuma ba da shayi da cincin. A can, ta ce, an yarda a yi magana.

Malam Muntaka bai taɓa fashin wannan bita ba. Shi ne farkon zuwa, shi ke jera kujeru. A nan ya koyi jan durowar katuna, ya nemo sunan marubuci, ya kwafi lambar littafi, ya bi kanta-kanta har ya same shi. Ranar da ya fara samo littafi da kansa sai da ya zagaya ya nuna wa duk wanda ya sani. Malama Ruƙayyatu ta samo masa ɗaya daga cikin 'yan ƙananan ɗakunan da ake ba manyan ɗalibai, mai ƙofa mai kauri, a can ƙarshen bene. Ya yi ta godiya, yana cewa an girmama shekarunsa. Ita kuwa kaurin ƙofar ta duba, ba shekarunsa ba.

Shi mutum ne da ba ya karɓar alheri ya zauna. Ya kawo mata buhun gyaɗa, maigadin ƙofa Ɗanmaliki ya hana shi shiga da shi, ya ce ɓeraye ma karatu suke nema. Sai ya nemi wata hanyar sakayya. Wata Asabar da ma'aikata suka yi ƙaranci, ya tsaya a sashen littattafan ilimi yana duban kantocin, ransa yana ɓaci. Ga wani ƙato kusa da wani ɗan firit, ga ja a tsakiyar baƙaƙe. Ya ce a ransa yarinyar nan aiki ya yi mata yawa. Ya tuɓe babbar riga ya rataye, ya naɗe hannu. Kafin azahar ya gyara kanta huɗu cif, gajeru a hagu, dogaye a dama, gwanin sha'awa.

Ranar Litinin ya same ta tsaye a gaban kantocin, ta dafe kai da hannu biyu.

“Kada ki yi godiya,” in ji shi. “Sauran ma zan ƙarasa miki ranar Asabar.”

“Baba, kai ne?”

“Wa kuma?”

Ta sauke hannuwanta daga kai. Sannan ta zaro littafi ɗaya ta nuna masa 'yar lambar da ke manne a gindinsa, ta tambaye shi me ya zaci amfaninta. Malam ya dubi lambar, ya dubi kantocin, ya tuna durowar katuna. Ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Kwana da kwanaki shi da ita da masinjan laburare suna mai da kowane littafi gidansa. Duk da haka, a ranar ƙarshe ya ja baya ya dubi aikin ya ce shi dai har ga Allah nasa ya fi kyan gani.

A shekararsa ta biyu aka kawo wa laburaren kwamfuta, da wasu faya-fayai masu ƙyalli da aka ce an tara binciken ilimi na ƙasashe da yawa a cikinsu. Aka shirya bita ta musamman. Ɗalibai suka yi layi, kowa ya faɗi abin da yake nema, Malama Ruƙayyatu ta buga, sunayen maƙaloli su zubo. Da aka zo kan Malam Muntaka ya ce, “Buga mata Gwangwan.”

Ta buga. Kwamfuta ta yi ɗan gurnani ta ce babu.

“Ba ta ji ba ne. Sake bugawa.”

Ta sake. Babu. Aka gwada Ruwan Bago, aka gwada Rogo. Babu.

“Ikon Allah!” in ji Malam. “Duk faɗin duniyar nan ba wanda ya san da mu? To me ta sani?”

'Yan ajin suka yi ta dariya. Malama Ruƙayyatu ta ce, “Baba, ai wannan abin murna ne. Tunda ba wanda ya rubuta, kai ne za ka fara. Duk wanda ya zo bayanka, sunanka zai ambata.”

Fuskarsa ta washe. Daga ranar ya daina jin haushin kwamfuta, har yakan gaishe ta in ya wuce.

Ana nan sai laburaren ya shirya babban taro, ranar baje kolin bincike, inda kowane ɗalibi zai tsaya gaban malamai ya faɗi abin da ya gano. A bitar ƙarshe kafin taron Malama Ruƙayyatu ta ja musu kunne. Ta ce, “Kada wanda ya zo da baki kawai. Kowa ya zo da hujjarsa a hannu, inda ya samo maganarsa, don in an tambaye shi ya nuna.”

Littattafai take nufi, da takardun tambayoyin da aka cike. Amma Malam Muntaka ya yi nasa lissafin. Littafi bai san Gwangwan ba, kwamfuta ma ta ce ba ta sani ba. Duk abin da ya rubuta daga bakin mutum ɗaya ya fito. Sai ya hau mota ya nufi gida.

Bappa Hammawa bai so zuwa ba. Rabonsa da Kano tun yana saurayi. Amma aboki ya roƙa, kuma Malam ya ce masa manyan malamai ne ke son ganinsa. Ranar taron suka yi sammako daga Gwangwan zuwa Rogo, daga nan Karaye, suka shiga motar Kano, Bappa da malafarsa da sandarsa da ƙwaryar man shanu ta tsaraba.

A ƙofar laburare Ɗanmaliki ya tare su.

“Malam, wannan fa? Yana da katin shiga?”

“Hujjata ce,” in ji Malam Muntaka.

Ɗanmaliki ya dubi Bappa daga malafa har takalmi. Ya ce shi dai a dokar da aka ba shi ba a shiga da sanda, ba a shiga da abinci, amma ba a ce komai a kan hujja ba. Aka ajiye sanda da man shanu. Bappa ya ga ƙasan wurin yana sheƙi, ya tuɓe takalmansa ya jera a bakin ƙofa, ba yadda ba a yi ba ya ƙi sawa.

Da Malama Ruƙayyatu ta ga sun shigo, aka gaya mata ko wane ne, sai ta juya ta fuskanci bango na ɗan lokaci, kafaɗunta suna rawa don dariya. Sannan ta juyo ta durƙusa ta gaishe da Bappa yadda ya kamata, ta sa aka ba shi kujera mai laushi a sahun gaba, kusa da farfesan da ke shugabantar taron.

Aka kira Malam Muntaka. An ba shi lasifika ya ce a bar ta. Ya yi bayani tiryan-tiryan: an sa makaranta a lokacin kiwo, malamai ba sa zuwa, rumfa tana yoyo, iyaye sun janye 'ya'yansu. Farfesa ya gyara tabarau ya ce, “Malam, waɗannan maganganu masu nauyi ne. Ina hujjarka?”

“Ranka ya daɗe, ga ta nan kusa da kai a zaune.”

Zaure ya ɗauki dariya da tafi. Farfesa ma ya murmusa, ya juya wajen Bappa ya ce, “Ardo, barka da zuwa. Yaya makarantar taku?”

Bappa ya sunkuyar da kai ya ce, “Lafiya lau, ranka ya daɗe. Sai godiya.”

“Malamai suna zuwa?”

“Suna zuwa. Allah ya saka musu.”

“Kullum?”

“Kullum. Har da Juma'a.”

“Yara fa? Suna zama a aji?”

“Suna zama. Sai an kore su suke tafiya.”

Malam Muntaka ya kasa haƙuri. Ya matso ya yi abin da a wajensa raɗa ne, wanda na bayan zaure ma suka ji sarai: “Bappa! Ba haka muka yi da kai ba! Faɗa musu abin da ka faɗa mini a gindin tsamiya!”

Bappa ya ɗago ya dube shi da mamaki. “A gindin tsamiya ai fura muka sha, Malam.”

Wani malami ya yi dariya har da buga tebur. Farfesa ya so ya taimaka, ya ce, “To Ardo, 'ya'yanka nawa ne a makarantar?”

Bappa ya ƙara sunkuyawa. Shi a tarbiyyarsa ba a ƙirga 'ya'ya a gaban mutane. Ya ce, “Akwai su dai, Alhamdu lillahi.”

Nan Malama Ruƙayyatu ta miƙe ta sanar cewa shayi ya iso, ko da yake masinja bai ma gama jera kofuna ba.

A baranda Malam Muntaka ya tsare abokinsa, ransa a ɓace. “Bappa, ka kashe ni. Ka mai da ni maƙaryaci a gaban farfesa.”

“Kai ne dai ka so kashe ni,” in ji Bappa, a natse. “Ka kawo ni gidan mutane. Sun ba ni kujerar da ban taɓa zama a irinta ba, sun sa mini iska mai sanyi. Kuma ka ce su ne suke koyar da malamai. To in buɗe baki a gidansu in ce 'ya'yansu ba sa zuwa aiki? Wace irin tarbiyya ce wannan?”

Malama Ruƙayyatu tana tsaye da kofin shayi a hannu tana ji. Ta miƙa wa Bappa, ta ce wa Malam ya biyo ta. Ta kai shi wata kanta, ta zaro masa littattafai biyu a kan dabarun bincike, ta buɗe masa babin da ke bayanin yadda mutane kan gaya wa baƙo abin da zai faranta masa, ba abin da ke ransu ba. Ta ce, “Baba, abin da ya faru yau ba a kanka aka fara ba. Ka rubuta shi yadda ya faru, ka sa a kundinka. Kuma muna da rikoda da muke ba ɗalibai aro. Ka koma gindin tsamiyar, ka nemi izininsa, ka ɗauki maganar a can. Kada kuma ka tsaya a kansa shi kaɗai, ka ji ta bakin matan rugar da su malaman.”

Haka aka yi. Kaset ɗin farko da ya kawo, suka zauna a ofishinta suka kunna. Muryar Malam ce ta cika shi daga farko har ƙarshe, sai kukan saniya jefi-jefi, da wani ɗan motsi can ƙasa wanda ya rantse amsar Bappa ce. Ta ce ya koma, ya ajiye rikodar a cinyar Bappa, shi kuma ya je ya zauna a bayan tsamiya ya riƙa tambaya daga can. Kaset na biyu ya fito tas. Hajo ta raka shi wajen matan rugar, ita ta riƙe rikodar, ta kuma dawo da labarai fiye da waɗanda aka aike ta nema.

Ya gama a 1994. Kafin nan ma ya riga ya lallashi ofishin ilimi na ƙaramar hukuma an mai da karatun makarantarsa zuwa bayan azahar, lokacin da shanu suka ƙoshi suka kwanta. Ba duka yaran suka dawo ba, amma an samu waɗanda suka ishe shi jerawa.

Bayan bikin yaye ɗalibai, an ba su kwanaki kaɗan kafin su mai da doguwar riga da hular bikin da aka ba su aro. Malam Muntaka ya ce ba zai mayar ba sai mutanen garinsu sun gani. Ya sauka a Rogo ranar kasuwa, sanye da baƙar riga har ƙasa, da hula mai faɗi da igiya tana lilo a gefen kunnensa. Ya bi rumfa-rumfa yana gaisawa. Kafin ya isa Ruwan Bago labari ya riga shi cewa ɗan Barau ya zama alƙali.

Washegari da safe ya fito ya tarar da mutum biyu a ƙofar gida, Shitu da Sulle, da akuya ɗaure a tsakaninsu. Akuyar Shitu ce ta cinye wa Sulle wake.

“Allah ya gafarta Malam, mun kawo ƙara,” in ji Sulle.

“Ni ba alƙali ba ne. Digiri na biyu na yi a fannin ilimi.”

“Eh, mun gani jiya,” in ji Shitu. “Shi ya sa muka zo.”

Ya yi bayani har ya gaji, suna gyaɗa kai, ba wanda ya motsa. Daga cikin gida Hajo ta ce, “Malam, ka raba su mana, ko mu samu mu karya.”

Ya koma ciki ya sako rigar, ya sa aka shimfiɗa tabarma. Ya saurari kowa, ya yanke cewa Shitu ya taya Sulle noman gonar waken, akuya kuma a ɗaure ta har a gama girbi. Duka biyun suka yi godiya suka tafi suna yaba adalcinsa.

Ya mai da rigar Kano ranar Litinin. Amma har ya yi ritaya ya koma noman gyaɗa, mutanen Ruwan Bago ba su daina kawo masa ƙarar awaki ba, shi ma daga baya ya daina yi musu bayani.